Na zaga wuri biyar neman gahawa a Katsina, ku zo mu yi alƙalanci

Ɗan_Marusa
Assalamu alaikum 'yan gida. Tun shigowar sanyin nan na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Duk yamma in na tashi daga ofis sai in nemi inda ake sayar da gahawa a garin nan in zauna in sha. Gahawa fa nake nufi, wadda 'yan boko ke ce wa kofi, ba shayi ba. Shekara huɗu na yi aiki a Abuja, can na kwaso jarabar, da na dawo gida na rasa inda zan kai ta.

Wuri biyar na je. Ba zan kama suna ba, don biyu daga ciki ban ji daɗinsu ba, kuma hanyar abincin mutane ce.

Na farko sabon shago ne ta wajen GRA. Gilashi ko'ina, kujerun da in ka zauna sai ka nutse, ga injin nan na Italiya mai tatso gahawa da tururi yana ta ƙyalli a kan kanta. Na ce a ba ni baƙa zalla. Yaron ya sosa ƙeya ya ce ba wuta, janaretonsu kuma ba ya ɗaukar injin, sai dai a dama mani ta gwangwani. Wato Nescafé ɗin da zan sha a bakin layinmu, a nan naira 2,500. Na biya kuɗin kujera na fito.

Na biyu ɗan ƙaramin shago ne a hanyar Dutsin-Ma kafin a kai jami'a. Wani matashi ne, a gabanka zai auna 'ya'yan, ya niƙa su da ɗan injin hannu, ya zuba garin a takardar tacewa, ya riƙa tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan kamar mai ba jariri magani. Tun kafin ta iso hannuna ƙamshin ya cika ɗakin. Ba ɗacin nan mai kama maƙoshi, sai ɗan tsami-tsami a ƙarshe kamar na tsamiyar biri. Ya ce daga Mambila ake aiko masa. Wannan ita ce gahawa mafi daɗi da na sha a Katsina, ba na ko tantama. Aibin wurin ɗaya: kujera huɗu ce, kuma duk ɗalibai sun kafa kwamfutoci sun riƙe soket, ba mai ɗago kai ya amsa sallama. Minti goma na yi, a tsaye.

Na uku ba sai na daɗe ba. Madara, siga, ƙanƙara, cakulan, kumfa. Gahawar na can ƙasa tana neman agaji.

Na huɗu wani dattijo ne da ke shimfiɗa tabarma bayan Magariba ta wajen Ƙofar Soro, da fulas ɗinsa na gahawa irin ta Saudiyya da farantin dabino. Ƙananan kofuna ne, kurɓa biyu ka gama.

Na biyar mai shayi ne a Rafindadi. Cokali ɗaya na Nescafé, madarar Peak, ya shiƙa ta har ta yi kumfa. A ma'aunina wannan ba gahawa ba ce. Amma ku ji abin mamaki, nan na yi awa biyu, kuma nan kaɗai na sake komawa.

To shi ne na zo. Da me ake auna wuri? Abin da ke cikin kofin ne ko me? Kuma ku ina kuke sha?

Baba_Na_Gobarau
Wa alaikumus salam. Yaro, 2,500 a ruwan zafi? Da ka kawo mani kuɗin na saya maka goro ɗan Gwanja, in barci kake gudu shi ma aikinsa ke nan. Kakanninmu da shi suka yi fatauci har Gwanja suka dawo ba su nemi wani inji ba.

Bahaɗeje_a_Katsina
Katsinawa da gahawa! Mutanen da in an ba su fura suke tambayar ina ƙari. Ku bar wa masu abin abinsu.

Baba_Na_Gobarau
@Bahaɗeje_a_Katsina kai da ruwan kifi ya raina me ka sani a sha'anin ƙamshi? Zauna ka koya, bawan Allah.

InjiniyaSB
@Ɗan_Marusa gyara kaɗan Malam. Ba da tururi injin ke tatsowa ba. Famfo ne a ciki yake tura ruwan zafi ta cikin garin da aka danne, da ƙarfin da ya ninka matsin iskar da muke ciki kamar sau 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, ya ba ka abin da bai fi cokali biyu na miya ba. Tururin na kumfar madara ne kawai. Ruwan ma bai kamata ya tafasa ba, tsakanin digiri 90 da 96 ake so, in ya wuce ɗaci yake jawowa.

Yaron nan kuma bai yi maka ƙarya ba. Abin dumama ruwan irin wannan inji ya fi dutsen guga biyu cin wuta, ƙaramin janareto tari zai yi ya mutu. Laifinsu shi ne sayen injin tun farko ba su yi lissafin wutar garin nan ba. Matashin hanyar Dutsin-Ma ya fi su wayo, gas da buta kawai yake buƙata.

Abu na biyu da ba wanda ke kulawa: ruwa. Kofin gahawa kusan duk ruwa ne. Wasu burtsatsen garin nan ruwansu na da zartsi, ku leƙa cikin butar gidanku za ku ga fari-fari ya daskare. Shi ke kashe ɗanɗano, shi ke toshe inji. Ni in na shiga wuri tambayata ta farko ita ce da wane ruwa kuke yi.

Ɗan_Marusa
Na karɓi gyara Injiniya. Ashe har jarabar ma ban iya ba.

Ummu_Hanan
Ni dai ina da magana a kan “na biya kuɗin kujera”. Yaya Ɗan_Marusa, kai namiji ne, shi ya sa kujerar ba ta da daraja a wurinka. Ko'ina ka ga benci za ka zauna. Ni fa? In na je teburin mai shayin Rafindadi na zauna awa biyu kamar yadda ka yi, kafin in koma gida labarin ya riga ni. Iyakata in aiki yaro da jug.

Shagon GRA ɗin nan na gane shi. Ni da ƙawata can muke haɗuwa mu yi lissafin kasuwancinmu na turaren wuta, ba mai kallonmu, akwai bayi mai tsafta, akwai inda za a yi sallah. In sun dama mani ta gwangwani ko ta tatsa duk ɗaya ne a wurina. Saboda haka in za ku yi alƙalanci ku saka wannan a ma'auni.

Hajjo_Layout
Allah ya yi maki albarka Ummu. Maza in sun ce “wurin kowa da kowa” kansu suke nufi.

Ɗan_Marusa
@Ummu_Hanan wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma duk da haka Hajiya, ai sai su rage kuɗi ranar da ba wuta, ko su rubuta a ƙofa. Sayar mani da abu da sunan wani abu ne ya ɓata mani rai.

Mai_Shago_KT
Bari in shigo tunda mu ake yanka. Ba ɗaya daga cikin biyar ɗin ba ne ni, nawa ƙarami ne kuma na rufe shi bara, don haka ba talla nake ba.

Jama'a ku tausaya. 'Ya'yan gahawa in an soya su ba sa jira, cikin 'yan makonni ƙamshin ya fara gudu, in an niƙa kuwa rana ɗaya ma da yawa. Ni daga Legas ko Abuja nake sa a aiko mani. A rana masu neman baƙa zalla irin Malam ba su fi mutum uku ba, wata rana ko ɗaya. Sauran duk “ka sa madara da yawa, ka ƙara siga”. To wa zan bi? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aka kuma saki naira, komai na shagon ya tashi: madara, kofunan takarda, gas, man janareto. Ɗalibi zai sayi kofi ɗaya ya zauna daga Azahar zuwa Isha'i yana cajin waya da kwamfuta. In ka yi magana a ce ba ka da kirki.

Shagon da ka ce gahawar na neman agaji, na rantse shi ya fi duk sauran ciniki.

Almajirin_Malam
Masha Allah, muhawara ta yi daɗi. Ni abin da ke ba ni dariya shi ne yadda wasu ke ɗaukar gahawa abin Turawa. Asalin itacen Habasha ne. A Yaman aka fara shanta kamar yadda muka sani, Sufaye ne suke sha a ƙarni na 15 don su iya tsayuwar dare da zikiri. Daga tashar jirgin ruwa ta Mokha take fita duniya, shi ya sa har yau za ku ga “mocha” a allon waɗannan shagunan. Kalmar ma daga Larabci muka aro, ƙahwa ta zama gahawa.

Wannan gardamar kuma ba yau aka fara ba. A 1511 gwamnan Makka ya hana shanta, kuma ba abin cikin kofin kaɗai ya dame shi ba, taron da ake yi a wurin sha da maganganun da ke fitowa su ne matsalar. Hanin bai daɗe ba. Saboda haka tun fil azal gahawa da majalisa tare suke tafiya. Dattijon Ƙofar Soro ya fi kusa da asali a kan mai injin Italiya.

Alhaji_Sau_Uku
Dattijon nan na san shi, mutumin kirki ne. @Ɗan_Marusa ka wuce shi da sauri a bayaninka, ba ka yi masa adalci ba. Ita ta Larabawa sama-sama ake soya 'ya'yan, shi ya sa take fitowa ruwan ɗorawa-ɗorawa, sai a dafa ta da hel, kayan ƙamshin nan da 'yan boko ke ce wa cardamom. Ba a sa siga, dabinon shi ne sigan. Ba a cika kofin, kuma da hannun dama ake karɓa. In ta ishe ka sai ka ɗan girgiza kofin kafin ka miƙa, in ba haka ba zai yi ta zuba maka. Zuwana Madina na farko ban san wannan ba, sai da na sha bakwai, daren nan idona biyu aka kira Asuba.

Ɗan_Marusa
Alhaji ranka ya daɗe, biyar na sha ina mamakin karamcin mutumin. Ashe ni ne ban girgiza ba.

Direban_Jibiya
Ku duk zancen masu hutu kuke. Mu direbobi ba ruwanmu da ƙamshi, wadda za ta buɗe ido muke so. Amma tunda ana maganar daɗi, Maraɗi ta hi mu iya wannan harka nesa ba kusa ba. Can kowane lungu ga mai kafe da kurarsa, ga Buzu da kurfotinsa yana dahwa shayi zubi uku, na hwarko kamar maɗaci, na ƙarshe kamar zuma. Akwai wata kuma da na sha wurin wani ɗan Senegal, kafe Tuba suke ce mata. Na kurɓa na ji wani yaji da na sani, na ce mi kuka sa? Ya nuna mani, sai ga kimba! Kimbarmu ta kunu da yajin jego. Da ita suke soya 'ya'yan. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar a 2023 ba abin da na yi kewa irin wannan.

Hajjo_Layout
Kimba a gahawa? Gobe zan gwada. Ni dama citta da kanumfari nake sawa, wata 'yar Sudan da muka yi maƙwabtaka ta koya mani, su da citta suke yin tasu a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya.

Ɗan_Kusugu
Gaisuwa daga Daura. Mu nan ban san shagon inji ba, in akwai a gyara mani. Masu shayi ne da Buzaye, kuma ba mu rasa komai ba. Tambaya gare ni ga Almajirin_Malam tunda ya buɗo littafi: me ya sa ake ce wa shayin da ba madara “ruwan bunu”? Wani malamina ya taɓa ce mani Larabawa 'ya'yan gahawa bunnu suke ce masu, Habashawa kuma buna. Ko daga nan ne?

Baba_Na_Gobarau
Wane bunnu! Bunu dai tsohuwar ciyawar jinka. Ka taɓa ganin ruwan da ke ɗigowa daga tsohon ɗakin ciyawa in an yi ruwan farko? Ja-ja baƙi-baƙi. Shi ne ruwan bunu. Yaran yanzu a gidan kwano aka haife ku.

Almajirin_Malam
Kalmomin da malaminka ya faɗa haka suke, bunn da buna. Amma ni zuciyata ta fi kwanciya da ta Baba, don Bahaushe da abin da ido ya gani yake raɗa suna. Allahu a'alamu.

Ɗan_Kusugu
Ni dai ban sallama ba. Kamar ta yi yawa a ce haɗuwa ce kawai.

KopaGembu
Ku dawo kan hanya. @Ɗan_Marusa maganar Mambila da matashin nan ya yi maka za ta iya zama gaskiya. A ƙaramar hukumar Sardauna ta Taraba na yi hidimar ƙasa, kusa da Gembu. Tudu ne mai sanyi, sama da mita 1,500, irin wurin da gahawar arabika ke so. Can kuma gonar shayin Highland take, a Kakara. Na ga itatuwan gahawa a bayan gidaje da idona, 'ya'yan jajaye in sun nuna, wasu gonakin kuma an bar su sun zama daji don masu su sun ce ba mai saye da daraja.

Iri biyu ne manya. Arabika ita ce mai ƙamshi da ɗan tsamin da ka ji. Robusta ta fi ɗaci, ta fi jure zafi, abin hana barcin da ke cikinta ya kusa ninka na arabika, kuma ita aka fi yin ta gwangwani da ita. Don haka @Direban_Jibiya kana kan daidai, taka ce mai buɗe ido. Abin takaici muna da ita a gida amma ta gwangwanin da muke sha daga waje take zuwa.

Nas_Rabi
Direba da Alhaji mai kofi bakwai, ku ji nan. Abin da likitoci ke cewa, baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na sinadarin caffeine, abin nan mai hana barci, a rana, wato kamar kofi huɗu madaidaita, mai juna biyu kuma 200. Ku tuna goro da shayi da lemun ƙarin kuzari duk suna da shi, tare ake lissafawa. Na sha ganin matasa sun zo da bugun zuciya, in ka bincika sai ka ji sun haɗa uku a dare ɗaya saboda jarrabawa.

Ni kuma ma'aunina ɗaya ne: robar wanke kofi. Kafin in sha a ko'ina sai na leƙa ƙarƙashin tebur. Akwai wani mai shayi kusa da wurin aikina, ruwan da ya wanke kofi da shi da safe shi ne har azahar, ya koma kalar kunu. Na yi masa magana ya ce ai ruwan zafi na kashe komai. Ban ƙara ba.

Sani_Keke
Anti Nas in aka bi ta taki duk garin nan ba mai karyawa. Amma na Rafindadin da ake magana in dai wanda nake zato ne, roba biyu gare shi kuma yana ɗauraye kofi da ruwan buta a gabanka.

Ni ku bar ni da teburin mai shayi. Ranar da babu ya rubuta a littafi, ranar da akwai in biya. Kekena ya lalace wata ɗaya ina ci bashi mutumin nan bai taɓa canza mani fuska ba. A teburinsa na ji labarin wanda zai ba ni sabon keke haya. Wane shagon gilashi ne zai ba ka bashi?

Mai_Shago_KT
@Sani_Keke na ba da, shi ya sa na rufe.

InjiniyaSB
Kun ga inda muke samun matsala. An tambayi ina gahawa ta fi kyau, ana ba da amsar ina hira ta fi daɗi. Abu biyu ne daban. In maganar kofi ce matashin hanyar Dutsin-Ma ya ci, mai tambayar da bakinsa ya faɗa. Ku je ku saya wurinsa kafin shi ma ya rufe ya koma sayar da Indomie.

Ummu_Hanan
Injiniya, ya ci amma minti goma aka yi masa a tsaye, wanda ya faɗi kuma aka yi masa awa biyu har aka koma. Wannan wace irin nasara ce?

Ɗan_Marusa
Hajiya kin kama ni. Jiya na yi wata dabara: na sayi niƙaƙƙiya wurin matashin, na kai wa mai shayin Rafindadi na ce ya tafasa ruwa ya bar shi ya ɗan huce, ya zuba, ya tace mani da rariyarsa. Ya shinshina ya ce wannan ai ƙamshin ƙonannen wake take. Mutum huɗu a bencin suka ɗanɗana, uku suka ce a ƙara siga, ɗaya ya tambayi ko maganin basir ce. Ni kuwa na sha abata ina jin gardamar Katsina United.

Bahaɗeje_a_Katsina
Na faɗa maku tun farko.

Hajjo_Layout
Na gwada kimbar. Guda ɗaya ta isa, na sa uku maigidan ya ce jegon wa ake yi. @Alhaji_Sau_Uku don Allah dattijon nan yana yarda a aiko da fulas a cika? Muna da walima ranar Asabar.

Alhaji_Sau_Uku
Yana yi Hajiya, amma ki aika tun Alhamis don shi ke soya abinsa da kansa. Ki haɗa da fulas mai riƙe zafi, kuma ki gaya wa baƙinki maganar girgiza kofi.

Ɗan_Kusugu
Har yanzu ba wanda ya gamsar da ni a kan bunu.